Mace ta Uku a Bakin Famfo

Sunanta Lariba Seidu.
Ku rubuta shi daidai, don Allah,
domin sau biyu kacal ya fito a ƙarshen fim,
ɗayan ma da kuskure.
Sauran lokutan: mace ta uku a bakin famfo,
mai kuka a gidan rasuwa,
uwar ɓarawo.

Ni ce yarinyar ɗakin da ke kallon nata a Aboabo.
Ba ta yi boko ba, ni ce idonta.
In na dawo makaranta ta miƙo mini takarda,
ina karantawa, tana juyewa da ajami
a jikin takardar siminti,
ta naɗe, ta soke a ɗankwali.
Ladana ƙosai biyu.

Shekara goma sha huɗu ta yi a bayan babbar mota
tare da 'yan wasan Papa Oduro,
ita da ganguna da janareta da akwatin gemun ƙarya,
ƙauye bayan ƙauye, lokacin da manoman koko suka ga kuɗi.
In ruwan sama ya kori 'yan kallo
a sallame su da ayaba da makani.
Takan ce: koko biyu ne suka riƙe ni,
na gona da dare, na tukunya da asuba.

Ta taɓa zama sarauniya, dare ɗaya, a Konongo,
don zazzaɓi ya kwantar da mai kambin.
Kambin kwali ne.
Ta ce har a bayan labule yaran wasa suka manta,
suka rusuna mata.
Washegari zazzaɓin ya sauka.

Abin da suka fi so ta yi
shi ne 'yar Zango mai kwaɓa Tonanci a yi dariya,
ita da ke gyara wa marubucin karin maganarsa
a ɓoye, kada ya ji kunya.
Na ce, Mma, ba ya miki ciwo?
Ta ce, mai dariya bakinsa a buɗe yake,
nan nake jefa abin da na zo da shi.

Da kyamara ta shigo Kumasi sai ta koma mutuwa.
Sau goma sha ɗaya, na ƙirga:
guba, mota, baƙin ciki, sau ɗaya tsawa.
Ta tashi ta kaɗe zane,
ta karɓi kuɗin da bai kai na tirotiro da sabulu ba.
Matan gidanmu masu cewa 'yar wasa ba ta da ta ido
su ne ke cika tagar mai talabijin,
suna share hawaye da bakin mayafi,
da safe su sayi kokonta ba su ce komai ba.

Ta sha biyun babu wanda ya ce a sake.
Laraba ce, ranar sunanta, ana yayyafi.
Mutum tara suka raka ta, har da mai gawayi da ke binta bashi.

Bara a Kejetia, cikin kwandon tsofaffin faifai,
na ga rabin fuskarta a bayan kafaɗar jarumi.
Sidi biyu.
Faifan ya ƙarce, yana zuwa wurinta yake tsayawa:
bokiti a kai, hannu ɗaya a sama,
baki ya fara buɗewa.

Na san abin da za ta ce.
Ni na karanta mata shi, ina 'yar shekara tara,
na yi tuntuɓe a kalma ta huɗu,
ta ce, sake, a hankali,
mutane sun biya kuɗi.